Gasar golf ta Nigerian Open

Nigerian Open gasa ce ta ƙwararrun 'yan wasan golf da aka riƙa yi a Najeriya daga shekarar 1969 zuwa 1999. Mafi yawan shekarunta an buga ta ne a filin Ikoyi Club da ke Legas, sai shekaru uku na ƙarshe, wato 1997 zuwa 1999, da aka mayar da ita filin IBB International Golf and Country Club da ke Abuja. Tana cikin jerin gasannin Afirka da ake kira Safari Circuit, kuma daga 1990 zuwa 1993 ta shiga jadawalin Challenge Tour, wanda shi ne rukuni na biyu na gasannin ƙwararru a Turai. Cikin waɗanda suka ɗauki kofinta akwai Lee Elder na Amurka, da Sandy Lyle na Sikotilan, da Vijay Singh na tsibirin Fiji, wanda daga baya ya zama na ɗaya a duniya.

Shekara talatin ba wani dogon zamani ba ne a rayuwar gasar ƙasa. Gasar Open ta Birtaniya tun 1860 ake yin ta, ta Afirka ta Kudu tun 1903, ita kuwa ta Kenya da aka fara a 1967, shekara biyu kacal kafin ta Najeriya, har yau ana buga ta. Nigerian Open ta yi tashe ne a lokacin da abubuwan da take dogaro da su suka zo daga waje: 'yan wasa daga Birtaniya, gurbi a jadawalin Turai, da kuɗin da bunƙasar man fetur ta kawo. Da waɗannan suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba a riga an gina abin da zai riƙe ta a cikin gida ba.

Yadda ake buga gasar

Golf, wanda wasu kafofin labarai na Hausa ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili yana da ramuka 18. Gasar ƙwararru takan ɗauki kwana huɗu, a zagaya filin sau ɗaya kowace rana, jimilla ramuka 72 ke nan. Ana ƙirga kowane bugu, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Kowane fili yana da adadin bugu na ƙa'ida da ake sa ran gwani zai kammala zagaye da shi. A Ikoyi adadin 71 ne, wanda ya zama 284 a zagaye huɗu.

Kalmar Open a sunan gasa tana nufin ƙofa a buɗe take ga ƙwararru da masu wasan sha'awa, 'yan ƙasa da baƙi, muddin mutum ya cika sharuɗɗan shiga. Ƙwararre a nan shi ne wanda golf ce sana'arsa. Ba shi da albashi daga wata ƙungiya kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Shi yake biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa da ladan mai ɗaukar masa jakar sanduna, sannan ya jira abin da zai samu daga kuɗin kyauta. A mafi yawan gasanni ana tankaɗe 'yan wasa bayan kwana biyu, wanda bai tsallake ba ya koma gida hannu rabbana. Wannan ne ya sa girman kuɗin kyauta da darajarsa a kasuwar canji suke yanke hukuncin wanda zai zo gasa da wanda ba zai zo ba.

Asali

Turawan mulkin mallaka da 'yan kasuwa da ma'aikatan haƙar ma'adinai ne suka kawo golf Najeriya. Filin Rayfield na Jos, wanda ake dangantawa da shekarar 1913 da masu haƙar kuza, yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Kulob ɗin golf na Kaduna an kafa shi a 1921, kuma akwai tsofaffin filaye a Kano da Zariya. A Legas, Ikoyi Club ta samu ne a 1938 bayan haɗewar kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas. A wancan zamani 'yan ƙasa sun fi shiga waɗannan filaye a matsayin ma'aikata da masu ɗaukar jaka, kuma daga cikin masu ɗaukar jakar ne ƙwararrun 'yan wasan Najeriya na farko suka fito.

An fara Nigerian Open a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai Janairun 1970. Shekarun da suka biyo baya shekaru ne da Najeriya ke son nuna wa duniya cewa ta miƙe. An buɗe babban filin wasa na ƙasa a Surulere a 1972, Legas ta karɓi baƙuncin gasar wasannin Afirka a 1973, sannan bikin al'adu na FESTAC a 1977. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu daga ƙarshen 1973, kuɗi suka yawaita a hannun gwamnati da kamfanoni. A shekarun ne aka ɗauko manyan ayyuka a faɗin ƙasar, ciki har da madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina tsakanin 1974 da 1978 domin noman rani a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Gasar golf ta Ikoyi ƙarama ce ƙwarai idan aka ajiye ta kusa da irin waɗannan ayyuka, amma zamaninsu ɗaya, kuma aljihun da ya ɗauki nauyinsu daga rijiya ɗaya yake sha.

Zagayen Safari

A shekarun 1970 kakar gasannin ƙwararru a Turai takan fara ne wajen watan Afrilu ta ƙare wajen Oktoba. Da sanyi ya shigo, filayen Birtaniya ba sa buguwa, matasan ƙwararru kuma ba su da inda za su samu kuɗi. Waɗanda suka yi suna sukan tafi Amurka ko Ostiraliya. Akwai kuma gasannin Afirka ta Kudu, sai dai mulkin wariyar launin fata ya sa zuwa can ya zama abin zargi, musamman bayan yarjejeniyar Gleneagles ta 1977, inda ƙasashe renon Ingila na ƙungiyar Commonwealth suka amince su hana hulɗar wasanni da gwamnatin wariya. Najeriya tana sahun gaba a wannan fafutuka. Ta ƙaurace wa gasar Olamfik ta 1976 a Montreal da gasar Commonwealth ta 1978 a Edmonton saboda wannan batu.

Wannan giɓi na lokacin sanyi shi ne ya raya Safari Circuit. An jera gasannin Najeriya da Kenya da Zambiya, daga baya aka ƙara Kwaddibuwa da Zimbabuwe, yadda ɗan wasa zai baro Landan ya yi makonni yana bin su ɗaya bayan ɗaya kafin kakar Turai ta buɗe. Manyan sunaye da dama sun bi ta wannan hanya suna matasa. Seve Ballesteros na Sifen ya ci gasar Kenya a 1978, Ian Woosnam na Wales ya ci ta Zambiya a 1985 da ta Kenya a 1986.

Filin Ikoyi na wancan lokaci ya bambanta da abin da baƙin suka saba. Tsawonsa kimanin yadi 6,000 ne, alhali filayen manyan gasanni na yau sukan wuce yadi 7,000. Dandalin da ke kewaye da kowane rami kuma na yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddaɓe, maimakon ciyawar da ake askewa. Akan share wa ɗan wasa hanya a kan yashin kafin ya gangara ƙwallo zuwa rami. Gajartar filin da yanayin yashin sun taimaka wajen samun sakamakon da ya shiga littattafan tarihi.

Shekarun tashe

A 1971 Lee Elder ya ci gasar. Elder baƙar fata ne ɗan Amurka wanda ya taso a lokacin da dokar ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka ta keɓe zama mamba ga farar fata kaɗai, dokar da ba a soke ba sai 1961. A shekarar 1971 ɗin ne ya je Afirka ta Kudu bisa gayyatar Gary Player, ya buga gasa a can da sharaɗin ba za a raba 'yan kallo bisa launin fata ba. A 1975 ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Augusta. Ya rasu a watan Nuwamban 2021.

Jack Newton na Ostiraliya ya ci a 1974, shekara ɗaya kafin ya yi kunnen doki da Tom Watson a gasar Open ta Birtaniya a Carnoustie, inda ya sha kaye a wasan raba gardama. A 1978 Sandy Lyle, yana ɗan shekara 20, ya buɗe gasar da bugu 61 da 63 a kwana biyun farko, ya kuma ɗauki kofin, wanda shi ne na farko da ya ci a matsayin ƙwararre. Daga baya ya ci Open ta Birtaniya a 1985 da Masters a 1988.

Abin da aka fi tunawa da gasar shi ne na Fabrairun 1981, lokacin da Peter Tupling na Ingila ya yi zagaye huɗu da bugu 63 da 66 da 62 da 64. Jimillar ta kama 255, wato ƙasa da ƙa'idar filin da bugu 29. A lokacin babu wanda ya taɓa yin ƙasa da haka a gasar ƙwararru mai ramuka 72. A gasannin PGA Tour na Amurka, bugu 257 da Mike Souchak ya yi a 1955 shi ne ke riƙe da tarihi, kuma sai a 2003 aka samu wanda ya sauka ƙasa da adadin Tupling, lokacin da Tommy Armour III ya yi 254 a jihar Texas.

Vijay Singh ya zo Legas a 1988 bayan ya yi zaman koyar da golf a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo. Ya ci gasar a shekarar, ya samu gurbi a babban rukunin Turai, ya sake cin ta a 1989. Daga nan ya wuce Amurka, inda ya ci PGA Championship a 1998 da 2004, da Masters a 2000. A Satumban 2004 ya karɓe matsayi na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods.

Wasu daga cikin zakarun gasar

1971: Lee Elder, Amurka
1973: Tommy Horton, Ingila
1974: Jack Newton, Ostiraliya
1975, 1977 da 1982: David Jagger, Ingila
1976, 1980 da 1985: Bill Longmuir, Sikotilan
1978: Sandy Lyle, Sikotilan
1979: John Morgan, Ingila
1981: Peter Tupling, Ingila
1983 da 1986: Gordon J. Brand, Ingila
1984: Ewen Murray, Sikotilan
1988 da 1989: Vijay Singh, Fiji

A wannan jeri na shekarun tashe babu ɗan Najeriya ko ɗaya. A farkon shekarun 1990 James Lebbie na Saliyo ya ci gasar, abin da ya nuna 'yan Afirka ta Yamma sun fara kamo baƙin. A Najeriya kuwa, wanda ya fi yin fice a wancan zamani shi ne Peter Akakasiaka, wanda ya samu shiga gasar Open ta Birtaniya a 1988. Irinsa ba su da yawa, domin ɗan wasan gida yakan haɗu da gwanayen waje mako ɗaya ne a shekara, sauran watannin kuma ya koma koyar da mambobin kulob.

Dalilan durƙushewa

Dalili na farko shi ne faɗuwar naira. A 1980 dala ɗaya tana kan kimanin kobo 55. Farashin mai ya fara sauka daga farkon shekarun 1980, ya faɗi warwas a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, aka kuma saki naira a kasuwar canji. Zuwa 1994 farashin gwamnati ya kai naira 22 a kan dala ɗaya. A ɗauki misalin kamfanin da ke son sa kyautar dala 50,000. A 1980 naira 27,500 za ta ishe shi, a 1994 kuwa sai ya nemo naira miliyan ɗaya da dubu ɗari. Kamfanin yana cinikinsa da naira, shi kuma baƙon ɗan wasa lissafinsa da fam ko dala yake yi. Duk lokacin da naira ta ƙara faɗuwa, ko dai nauyin ya ƙaru a kan mai ɗaukar nauyi, ko kuma kyautar ta ƙanƙance a idon wanda ake gayyata.

Na biyu shi ne cikewar giɓin da gasar ke rayuwa a cikinsa. Babban rukunin Turai, European Tour, ya fara fita wajen nahiyar a 1982 da gasar Tunisiya. A 1989 aka fara Dubai Desert Classic. A 1992 aka kai gasa Bangkok ta ƙasar Tailan a farkon shekara. Da mulkin wariya ya ƙare a 1994, sai ƙofar Afirka ta Kudu ta buɗe, kuma a Fabrairun 1995 aka yi gasar farko ta haɗin gwiwa tsakanin rukunin Turai da na Afirka ta Kudu. Watannin Janairu da Fabrairu, waɗanda a da babu abin yi a cikinsu sai zagayen Safari, suka cika da gasanni masu kuɗi da filayen ciyawa da kyamarorin talabijin. Gasannin Safari kuma aka zuba su cikin Challenge Tour, suka koma rukuni na biyu. Akwai abin lura a nan: Najeriya ta yi shekaru tana yaƙi da wariyar launin fata, kuma nasarar wannan yaƙi tana cikin abubuwan da suka rage wa gasarta kasuwa.

Na uku shi ne siyasa. Shekarar 1993, wadda ita ce ta ƙarshe da gasar ta bayyana a jadawalin Challenge Tour, ita ce shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, aka yi ta zanga-zanga da yajin aiki a Legas, sannan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamban 1995, an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth, ba ta koma ba sai Mayun 1999. Ko ƙwallon ƙafa, wadda ta fi golf gata nesa ba kusa ba, ta ji a jikinta: Najeriya ta janye daga gasar cin kofin Afirka ta 1996, aka kuma hana ta shiga ta 1998. Gasar da rayuwarta ta rataya a kan zuwan 'yan Birtaniya ba ta da yadda za ta yi a irin wannan yanayi.

Komawa Abuja

An mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamban 1991, kuma a shekarar ne aka buɗe filin golf na IBB. Fili ne mai ramuka 18, mai dandalin ciyawa da tafkuna, wanda ya fi kusa da abin da ƙwararrun duniya suka saba. A 1997 aka kai Nigerian Open can. Ta fuskar fili an ci gaba, amma gasar ta riga ta fita daga jadawalin Turai, ƙasar kuma tana cikin takunkumi. An buga ta sau uku a Abuja, ta 1999 ce ta ƙarshe a wannan jeri.

Zaman Abuja ya nuna cewa fili mai kyau kaɗai ba ya riƙe gasa. Abin da ke kawo ƙwararre shi ne tabbacin cewa gasar tana cikin jadawalin da aka sani, za a biya kyauta a kan lokaci, kuma sakamakonsa zai ƙara masa maki. Tun 1986 ake da jerin matsayi na duniya na 'yan golf, kuma makin da ake hawa jerin da shi yana fitowa ne daga gasannin rukunonin da aka amince da su. Gasar da ba ta cikin ɗaya daga cikinsu ba ta ba da maki, komai kyan filinta.

Kwatanci da sauran gasannin Safari

Kenya Open ita ma ta sauka rukuni na biyu a 1991, amma ta zauna a cikinsa shekara da shekaru ana yin ta a filayen Muthaiga da Karen na birnin Nairobi. Trevor Immelman, wanda ya ci Masters a 2008, ya ɗauki kofinta a 2000. Gwamnatin Kenya ta ɗaure gasar da harkar yawon buɗe ido, wadda take samar wa ƙasar kuɗin waje, ta sa mata sunan tallan ƙasar na Magical Kenya. A 2019 gasar ta hau babban rukunin Turai, wanda yanzu ake kira DP World Tour. Gasannin Zambiya da Zimbabuwe sun bi wata hanyar, suka jingina da rukunin Sunshine Tour na Afirka ta Kudu. Ta Zimbabuwe ta tsaya na wasu shekaru saboda taɓarɓarewar tattalin arzikin ƙasar, ta dawo a 2010.

Kowace daga cikin waɗannan ta samu abin jingina bayan watsewar Safari. Kenya ta samu dalilin kasuwanci da zai sa gwamnati ta ci gaba da zuba kuɗi, Zambiya da Zimbabuwe sun samu rukuni a kusa da gida. Najeriya ba ta dogara da masu yawon buɗe ido ba, kuma Afirka ta Yamma ba ta da rukunin ƙwararru mai ƙarfin Sunshine Tour.

Golf da ƙwallon dawaki a arewa

A arewacin Najeriya akwai misali na kusa da ke haska wannan batu. Ƙwallon dawaki, wato folo, shi ma Turawa ne suka kawo shi, a zamani ɗaya da golf. Sai dai ya tarar da ƙasar da doki ke da daraja, da masu kiwonsa, da masu yi masa sirdi da linzami. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, gidajen sarauta da sojoji da 'yan kasuwa suka ɗauka. Kofin Georgian da ake fafatawa a kansa a Kaduna tun 1919 yake. Ana kawo 'yan wasa daga Ajantina su ƙara wa gasa armashi, amma masu dawakin da masu ƙungiyoyin da 'yan kallon na gida ne, saboda haka rashin zuwan baƙi ba ya hana a yi.

Golf bai samu irin wannan saiwa ba. Ya zauna a bayan katangar kulob, kayan wasansa daga waje ake sayo su, kuma filin ciyawa yana buƙatar ban ruwa kullum tsawon rani. A yanki irin na Zamfara da Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, ruwan madatsa kamar ta Bakolori na shinkafa ne da sauran amfanin gona. Shi ya sa filaye da dama na arewa suka daɗe suna amfani da dandalin yashi, wanda ya dace da yanayin ƙasar amma manyan rukunonin duniya ba sa shirya gasa a kansa yanzu.

Ko abin da yake da saiwa a gida yana iya tsayawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya tsaya bayan 2009 saboda matsalar tsaro da wasu dalilai, ba a sake yin sa ba sai Maris na 2020. Amma da aka tashi dawo da shi, masuntan da kogin da masarautar duk suna nan. Nigerian Open da ta tsaya, yawancin waɗanda suka san ta a matsayin 'yan wasa suna wata nahiyar.

Halin da ake ciki yanzu

Har yanzu ana buga golf na ƙwararru a Najeriya. Akwai hukumar golf ta ƙasa da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa, kuma ana shirya gasanni a Legas da Abuja da Kaduna da wasu jihohi, galibi da sunan kamfani ko gwamna ko wani babban mutum. Raunin irin waɗannan gasanni shi ne rayuwarsu tana bin wa'adin mai ɗaukar nauyin. Idan gwamna ya sauka ko shugaban kamfani ya canza, sau da yawa gasar takan tafi tare da shi.

'Yan wasan da ke son hawa jerin duniya dole su fita. Andrew Odoh ya buga a Sunshine Tour, Georgia Oboh kuma ta samu gurbi a rukunin mata na Turai. Fita tana nufin biza da kuɗin jirgi da masauki, duk da kuɗin waje, kuma tun da aka sake sakin naira a Yunin 2023 dala ta haura naira 1,000. Matsalar da ta kori baƙi daga Ikoyi a shekarun 1980 ita ce yanzu take hana 'yan gida zuwa inda maki yake. Abin ya ƙara nauyi tun da golf ya koma gasar Olamfik a 2016, domin gurabe 60 na maza da 60 na mata ana raba su ne bisa jerin matsayi na duniya.

Duk wani yunƙuri na dawo da gasar ƙasa mai jawo ƙwararrun duniya zai fuskanci tambayoyin da suka kayar da ta farko. Akwai batun wanda zai ɗauki nauyi na shekaru da yawa a jere da kuɗin da ba ya narkewa, da batun rukunin da zai sa ta a jadawalinsa ya ba ta maki. Akwai kuma yawan gasannin cikin gida da ɗan wasan Kaduna ko Jos ko Kano zai buga a sauran watannin shekara, yadda idan baƙin sun zo zai iya karawa da su. A zamanin Ikoyi an samu biyun farko na kusan shekara ashirin, na ukun ne ba a gina ba.